Dnsmasq a shagonmu na Aboabo: yadda ya koma ganin sauyin sunaye da kansa

Tun 2022 nake kula da kwamfutocin wani shagon buga takardu da ke Aboabo a nan Kumasi, kuma a tsawon wannan lokaci babu manhajar da na dogara da ita kamar dnsmasq, duk da cewa mai shagon da yawancin ma'aikatansa ba su san ma da zamanta ba. Shagon yana da kwamfutoci tara da firinta uku da wata na'ura da ake tara ayyukan abokan ciniki a cikinta, sannan akwai kebul guda da muka ja zuwa ofishin makarantar Islamiyya da ke saman bene, domin su ma su riƙa aiko da takardun jarrabawa ba tare da sun sauko ba. Kowace na'ura tana da lambarta a kan layin, irin 192.168.1.21, amma babu mai buga katin ɗaurin aure da zai zauna yana haddace irin waɗannan lambobi. Abin da ake so shi ne mutum ya rubuta «firinta-launi» ko «maajiya», na'urar ta amsa masa. Wannan fassara daga suna zuwa lamba ita ce aikin sabar DNS, ita ce kuma abin da na ɗora wa dnsmasq.

Wani ɗan Ingila mai suna Simon Kelley ne ya rubuta manhajar, ta fara fita a 2001, kyauta ce, kuma ana rarraba ta ƙarƙashin lasisin GPL. Mutane da yawa suna amfani da ita ba su sani ba, domin tana cikin rautocin da ke aiki da tsarin OpenWrt, wani nau'in Linux na rauta, kuma a kanta aka gina Pi-hole da ake toshe tallace-tallace da shi. Ni a kan wata tsohuwar laftof mai Debian, wani nau'in tsarin Linux, na girka ta, na ajiye a kan kanta a bayan shago. Na zaɓi laftof ne da gangan saboda batirinta, domin idan aka ɗauke wuta, abin da a nan ake kira dumsor, tana ci gaba da aiki har a tayar da janareta, kuma dnsmasq ba ya cin ƙarfin na'ura da za a ce tsufanta ya zama matsala.

Abin da ya fara jan hankalina gare shi shi ne cewa ba ya neman mutum ya koyi sabon salon rubutu. Manyan sabobi irin su BIND suna buƙatar fayilolin yanki masu ƙa'idoji na musamman, da lambar da ake ƙarawa duk lokacin da aka yi gyara. Shi kuwa dnsmasq fayil ɗin /etc/hosts yake karantawa, wanda tsarinsa bai wuce lamba a hagu da suna a dama ba, layi ɗaya ga kowace na'ura. Tsohon tsari ne da ya girmi DNS kansa, domin kafin Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, fayil guda mai suna HOSTS.TXT ne ake ajiyewa a cibiyar SRI da ke Amurka, kowa yana kwafowa. Duk sunan da dnsmasq ya samu a fayil ɗin zai amsa shi da kansa, wanda bai sani ba kuma sai ya miƙa tambayar ga sabar kamfanin intanet, ya riƙe amsar na ɗan lokaci don mai tambaya na gaba. Sunaye 150 yake riƙewa idan ba a sauya masa ba, ana kuma iya ƙarawa da umarnin cache-size.

Matsalar da ta sa na zauna rubuta wannan sharhi ta same ni ne wata Asabar da rana, lokacin da aka kawo sabuwar firinta mai launi a madadin wadda ta lalace, ga kuma katunan biki ɗari uku ana jira kafin la'asar. Sabuwar ta zo da wata lamba daban, sai na buɗe /etc/hosts na gyara layin, na gwada daga laftof ɗin kanta, sunan ya kai ni inda ya kamata. Na fito na ce wa yara su buga. Babu kwamfuta ko ɗaya da ta samu firintar. Alhaji mai shago ya tsaya a kaina, cikin natsuwa irin tasa, ya ce: «Malam, ka ce an gama, ga shi masu biki suna ƙofa.» Na ce: «Alhaji, a ba ni minti goma, da yardar Allah.» Minti goman nan sun zama kusan arba'in kafin na gane abin da ke faruwa.

Dalilin yana da sauƙi da zarar mutum ya san shi. Laftof ɗin kanta tana duba /etc/hosts kai tsaye duk lokacin da aka nemi suna a cikinta, shi ya sa gwajina ya yi daidai, ya kuma ruɗe ni. Sauran kwamfutocin kuwa dnsmasq suke tambaya, shi kuma sau ɗaya yake karanta fayil ɗin, wato lokacin da ya tashi, daga nan sai ya ci gaba da amsawa daga abin da ya ɗauka a ƙwaƙwalwarsa. Ba ya komawa ga fayil ɗin sai an aika masa da siginar da ake kira SIGHUP. Abin da ke ƙara ruɗa mutum shi ne cewa fayil ɗin /etc/resolv.conf, wanda ke ɗauke da adireshin sabobin waje, yana lura da sauyinsa da kansa ba tare da an taɓa shi ba, don haka sai a ɗauka haka yake yi da /etc/hosts, alhali ba haka aka gina shi ba. An rubuta wannan a fili cikin littafin jagoransa, kuma da na karanta shi tun farko da ban ɓata lokacin masu biki ba.

A Debian, umarnin systemctl reload dnsmasq shi ne ke aika wannan sigina. Da na buga shi, nan take firintar ta fara fitar da katuna. Yana da kyau a bambance sake lodawa da sake tayarwa. Sigina ta SIGHUP tana sa ya zubar da amsoshin da ya riƙe, ya sake karanta /etc/hosts da duk wani fayil da aka ƙara masa da addn-hosts, amma ba ta sa ya sake karanta fayil ɗin saitinsa, wato dnsmasq.conf. Duk wanda ya gyara saiti, dole ya kashe shi ya sake tayarwa, kuma kafin ya yi haka ya kamata ya buga dnsmasq --test, wanda ke duba ko akwai kuskuren rubutu a saitin, domin idan akwai kuskure manhajar ba za ta tashi ba, kuma duk shagon zai rasa intanet a lokaci guda.

Na yi wata biyu ina tafiya a haka, ina gyara ina aika sigina, kuma da ni kaɗai ke taɓa na'urar da babu damuwa. Amma akwai yaron da nake koya wa aiki, shi ke tsayawa idan na tafi Adum ko Kejetia sayen kaya. Yaro ne mai hankali, sai dai aiki mai mataki biyu da ba a yin sa kullum, kowa yana iya manta na biyun, musamman da yake na farkon yana nuna alamar an gama. Sau biyu ya kira ni yana cewa: «Yaya, na rubuta sunan daidai, amma sama ba su gani ba.» A nan ne na yanke shawarar cewa ba yaron ya kamata a gyara ba, tsarin ne ya kamata ya daina dogara da tunawar mutum.

Hanyar da ta fi dacewa tana cikin dnsmasq kansa, kuma ita ce babban dalilin da ya sa nake yaba masa. Tun siga ta 2.73, wadda ta fito a 2015, akwai umarni mai suna hostsdir. Ana ba shi folda ne gaba ɗaya, ba fayil guda ba, shi kuma sai ya karanta duk fayilolin da ke ciki a matsayin fayilolin sunaye, ya kuma sa ido a kan foldar. Ba leƙe yake yi lokaci zuwa lokaci ba. Yana amfani da wata hidima ta Linux mai suna inotify, wadda ke cikin tsarin tun 2005, inda manhaja take gaya wa tsarin cewa a sanar da ita idan an rubuta wani abu a wuri kaza, sai ta zauna shiru har sanarwar ta zo. Na ƙirƙiri folda a /etc/dnsmasq-sunaye, na rubuta hostsdir=/etc/dnsmasq-sunaye a cikin saiti, na kwashe sunayen na'urorin shago daga /etc/hosts na zuba a can cikin fayiloli biyu, ɗaya na shago, ɗaya na makaranta. Na buɗe kundin aikin tsarin a taga ɗaya, na ƙara layi a ɗaya tagar, kuma ban ɗaga yatsa daga maɓallin ajiyewa ba sai ga sabon layi a kundin yana nuna ya ga fayil ya sauya, ya karanta shi, ga adadin abin da ya samu a ciki. Na je kwamfutar gaba na nemi sunan da nslookup, umarnin da ake tambayar sabar DNS da shi, amsa ta zo daidai. Wani alheri kuma shi ne ba ya zubar da sauran amsoshin da ya riƙe kamar yadda SIGHUP ke yi.

Akwai ƙananan abubuwa da aka yi tunaninsu da kyau. Yawancin editoci suna barin kwafin tsohon rubutu a gefe, kuma da dnsmasq yana karanta irin waɗannan da tsoho da sabo sun cakuɗe. An sa shi ya tsallake fayil da sunansa ya fara da ɗigo, da wanda ya ƙare da alamar ~, da wanda aka kewaye da alamar #. Amma kwafin da mutum ya yi da hannunsa ya sa masa suna irin «shago.tsoho» zai karanta shi kamar kowane fayil, don haka ba a ajiye irin wannan a cikin foldar. Haka kuma bayan ya tashi yana sauke ikon babban mai gudanarwa ya koma ƙaramin mai amfani, saboda tsaro, ma'ana duk fayil ɗin da aka kulle ta yadda babban mai gudanarwa kaɗai ke iya karantawa, ba zai samu shiga ba idan sauyi ya zo daga baya.

Duk da haka ban huta nan take ba, kuma wannan shi ne wurin da nake so mai karatu ya fi kula. Laftof ɗin a lokacin Debian 11 take ɗauke da shi, wanda ya zo da dnsmasq 2.85. Ƙara sabon suna yana aiki sumul. Amma ranar da muka sauya lambar maajiya, sai wani abu mai ɗaure kai ya ɓullo: wata kwamfuta ta same ta, wata ta yi ta jira, wadda ta samu ɗazu kuma an jima ta rasa. Da na tambayi sabar kai tsaye da umarnin dig, sai ga lambobi biyu ƙarƙashin suna ɗaya, tsohuwa da sabuwa, kuma yana jujjuya wadda ke zuwa farko. A tsofaffin sigogi hostsdir ƙari kawai yake yi, ba ya ragi. Ya ga sabon layi ya ɗauka, amma bai yar da tsohon da aka goge ba, sai an aika masa da SIGHUP. Wannan ya fi matsalar farko wahalar ganowa, domin abin da ya lalace gaba ɗaya ana saurin gano shi, wanda kuwa ke aiki yanzu ya ƙi an jima sai a yi ta zargin kebul da rauta. An gyara wannan a siga ta 2.88, a ƙarshen 2022, inda hostsdir ya koma lura da goge layi da goge fayil baki ɗaya. Debian 12 ya zo da sigar da ta wuce wannan, kuma tun da na ɗaga laftof ɗin zuwa gare shi ban sake ganin lambobi biyu ba. Saboda haka abu na farko da zan ce kowa ya yi shi ne ya buga dnsmasq --version, ya duba lambar sigar, ya kuma tabbatar kalmar inotify tana cikin jerin abubuwan da aka haɗa shi da su. Gyaran na hostsdir ne kawai, bai shafi takwaransa dhcp-hostsdir na raba lambobi ga na'urori ba, wanda har yanzu yake buƙatar sigina kafin ya manta abin da aka cire.

Wani zai ce shi /etc/hosts ɗin kansa yake so a riƙa bi, ba wata folda ba, wataƙila saboda wata manhaja ce ke rubuta masa a can. Na gwada dabarar da ke fara zuwa rai, wato a sa mahaɗi a cikin foldar, irin fayil ɗin da nuni kawai yake yi zuwa wani fayil, a nan /etc/hosts. Yana karantawa lokacin tashi, amma ba ya jin sauyi, domin abin da ya sauya yana wajen foldar da ake sa wa ido. A ba shi /etc gaba ɗaya kuma ba shawara ba ce, domin zai ɗauki kowane fayil da ke wurin a matsayin jerin sunaye. Abin da ke aiki shi ne a sa systemd, mai kula da tayar da manhajoji a Linux, ya yi gadin: ƙaramin fayil guda mai layin PathChanged=/etc/hosts, da wani da ke aika umarnin sake lodawa idan na farkon ya motsa. Na yi wa wani abokina haka a ofishinsa da ke Asawase, kuma yana tafiya lafiya. Ya fi rubuta aikin cron, wato umarnin da ke maimaita kansa a kan lokaci, da ke aika sigina kowane minti, wanda na ga wasu suna yi, domin wannan yana zubar da amsoshin da aka riƙe sau sittin a awa ba tare da dalili ba, ga shi kuma layin intanet a nan kuɗi ne. Amma a ra'ayina, manhajar da ta shekara sama da ashirin ana amfani da ita ya kamata a ce tana da umarni guda da zai sa ta bi /etc/hosts kai tsaye, kuma rashin wannan shi ne babban gibin da na gani a cikinta. CoreDNS, alal misali, yana da sashe na fayilolin sunaye da ke duba sauyi duk daƙiƙa biyar ba tare da an ƙara masa komai ba. Na gwada shi na kwana biyu, yana da kyau, sai dai ba ya raba lambobi ga na'urori, ni kuma ina buƙatar abu guda da zai riƙe aikin biyu.

Wannan haɗin aiki biyu shi ma ya cancanci yabo. Da yake dnsmasq shi ne kuma ke raba lambobi ta DHCP, duk na'urar da ta karɓi lamba daga gare shi ta faɗi sunanta, sunan yana shiga DNS nan take ba tare da an rubuta a ko'ina ba. Kwamfutocin ma'aikata duk haka suke, ban rubuta ko ɗaya ba. Foldar sunaye ta rage ga firintoci da maajiya da na'urar makaranta, waɗanda aka kafa wa lamba da hannu. Na kuma sa expand-hosts tare da domain=shago.home.arpa, domin gajeren suna ya samu cikakkiyar siffa. Na zaɓi home.arpa ne saboda an keɓe shi a 2018 domin layukan cikin gida. Ƙarshen .local da mutane ke son amfani da shi an riga an ware shi ga wata hanya daban da na'urori ke neman juna da ita, kuma wayoyi da kwamfutocin Apple ba lallai su tambayi sabar gida game da irin wannan suna ba.

Ba kowane jinkiri ba ne laifin saba. Dnsmasq yana ba da amsoshin da suka fito daga fayilolin sunaye da wa'adin sifili, wato yana gaya wa mai tambaya kada ya riƙe, abin da ke sa sauyi ya bazu da wuri. Duk da haka, idan kwamfutar Windows ta nemi suna kafin a ƙara shi, tana iya tuna cewa an ce mata babu, sai an buga ipconfig /flushdns ko an ɗan jira. Burauza ma tana da nata ƙaramin ma'aji. Wayoyin Android kuma tun siga ta 9 suna da saitin DNS na sirri, kuma idan mai wayar ya rubuta sunan wata sabar waje a wurin, wayar ba za ta tambayi tamu ba sam. Umarnin log-queries shi ne ke raba gardama a irin wannan hali, domin yana rubuta kowace tambaya da ta iso da amsar da aka bayar, kuma idan tambayar ba ta bayyana a kundi ba, to ba ta zo ba ne. Ina kunna shi ne lokacin bincike kawai, domin yana nuna shafukan da kowa ya nema, kuma wannan amana ce ta mutane.

Game da tsaro, an gano ramuka a cikinsa a 2017, aka toshe a siga ta 2.78, sannan a farkon 2021 aka bayyana wasu da aka yi wa laƙabi da DNSpooq, aka gyara a 2.83. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka ina sabunta laftof ɗin duk wata, kuma na ɗaure sabar da umarnin interface ta saurari layin cikin shago kaɗai. Mai Ubuntu, wani nau'in Linux, ya sani cewa systemd-resolved, mai fassara sunaye da tsarin ke zuwa da shi, ya riga ya zauna a ƙofa ta 53, wadda ake sauraron tambayoyin DNS ta cikinta, a adireshin 127.0.0.53, kuma dnsmasq zai ƙi tashi har sai an raba musu wuri da bind-interfaces ko an kashe sauraron wancan.

Ga shago ko makaranta ko ƙaramin asibiti mai na'urori daga biyar zuwa 'yan gomomi, ban ga abin da ya fi shi dacewa ba, matuƙar sigar ta kai 2.88 kuma an mayar da sunaye cikin folda. Wanda ke riƙe da yankin kamfani a intanet mai rassa a garuruwa, wannan ba kayan aikinsa ba ne. Littafin jagoransa kuma dogo ne, da Turanci kaɗai na same shi, shafi guda mai ɗaruruwan umarni, kuma bayanin hostsdir layuka kaɗan ne a tsakiya da mutum zai iya wucewa bai gani ba.

A watan jiya na tafi Tamale ta'aziyya, na kwana uku. A rana ta biyu makaranta ta sayi firinta tata, malamai suna so su buga takardun jarrabawa daga kwamfutocin ƙasa. Yaron ya buɗe fayil ɗin makaranta, ya rubuta 192.168.1.34 da sunan «firinta-sama», ya ajiye, ya hau bene ya tsaya kusa da na'urar har takardar farko ta fito. Sai da dare ya aiko mini da hoton takardar a WhatsApp, a ƙasa ya rubuta: «Yaya, ta yi, ban taɓa komai ba bayan layin.»